Shekarar da Babanku Ya Karɓe Wakensa

Ishaku, ranar da muka dawo daga binne babanku na ga yadda ka haɗe fuska da wani tsoho daga kasuwar hatsi ya riƙe hannunka ya ce, "Mai-karɓe ya tafi, sai haƙuri." Ban ce maka komai ba a lokacin, gida cike yake da mutane. Amma abin ya tsaya mini a rai, don na gane har yanzu kana jin sunan nan kamar zagi. Ke kuma Rifkatu, kina Jos da cikin fari lokacin da abin ya faru, ɗan abin da kika sani a waya kika ji shi, shi ma rabi-rabi. To wannan babin na sunan ne. In na gama, wanda yake so ya ci gaba da fushi sai ya ci gaba, ni dai na sauke nawa.

Babanku mutum ne mai son a ce ya yi. Ban faɗa don in rage shi ba, ni na zauna da shi, na kuma so shi da halin nasa. Tun da muka tare a unguwar Barunde, lokacin gonaki sun fi gidaje yawa, ya ɗauko wata al'ada da ba wanda ya sa shi. Ana saura kwanaki Kirsimeti sai ya kawo buhunan wake daga sitonsa na kasuwa, ya shimfiɗa tamfol a tsakar gida, ya zazzage. Kowane gida a layinmu yana da daro guda, Musulmi da Kirista, mai gida da ɗan haya. Gidan da yara suka yi yawa har rabin buhu yakan kai. Shi da kansa yake awon, yana tula wake har ya yi tsororuwa, ni kuma ina gefe ina mita cewa ɗan kasuwa ne ko mai rabon zakka. Ba ya ko kallona. Mutanen layinmu ba sa sayen wake sai zafi ya shigo, kuma duk wanda ya tambayi gidanmu daga bakin titi, ba a ce masa gidan Malama Saratu mai koyarwa a firamare, gidan Bulus mai wake ake cewa. Wannan sunan ya fi masa ribar shekara daɗi.

Yana da dokoki biyu a kan kyautar nan. Ta farko, ba ya ba da tsohon wake. Tsoho na kasuwa ne, in ji shi, kyauta kuwa sai sabo, wanda bai daɗe da barin gona ba. Ta biyun kuma Goggo Dija ce ta jawo ta ba tare da ta sani ba. Kun san Goggo, tsohuwar Bafulatanar da gidanta ke kallon namu, wadda bakinta ba ya ajiye magana. A shekarun farko ta shigo wata rana da ƙwaron wake a tafin hannunta, ta miƙa masa a gaban baƙi.

"Bulus, wake ka ba ni ko nama?"

Kowa ya yi dariya, har da shi. Amma ranar bai ci tuwon kirki ba. Daga wannan shekarar ya ɗau alwashin ba za a sake ganin ƙwaro a wakensa a gidan kowa ba. A kasuwa a lokacin, yadda da yawa suke adana wake shi ne su dama maganin feshi na gona da ruwa, su yayyafa, su bari ya sha iska, su ɗure a buhu. Na sayarwa yakan yi watanni a sito kafin a loda shi zuwa Kudu. Na kyauta kuwa babanku yakan ƙara masa hannu, don ƙauna, kuma cikin 'yan kwanaki ya shiga tukwanen maƙwabta. Muna jin ɗan wari in mun buɗe, sai mu wanke sau biyu mu ce warin sabon buhu ne. Duk bayan biki kuma sai a yi ta ciwon ciki da ciwon kai a layin, yara su yi amai. Har suna muka sa masa, ciwon bayan biki, muna ɗora wa nama da lemon kwalba laifi.

Wata safiya bayan ɗauke ruwan sama Goggo ta faɗo gidanmu ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Malama, fito ki ga ikon Allah. Wata mai mota tana ɗibar ruwan kwatarmu a kwalba. Ko mahaukaciya ce, ko asiri za a yi mana."

Na yafa gyale na bi ta. A ƙasan layi, inda ruwan rariyoyin gidajenmu duka yake haɗuwa kafin ya shige kwalbati, ga wata budurwa ta tsuguna da safar hannu da takunkumi, tana cika 'yan kwalabe tana jera su cikin kula mai ƙanƙara. Mata sun yi cirko-cirko daga nesa. Da ta ɗago ta gan ni sai ta janye takunkumin.

"Malama! Ba ki gane ni ba? Hauwa ce, aji huɗu, wadda kike sa wa goge allo saboda surutu."

Na gane ta, surutun ma bai ragu ba. Ta zama mai bincike a jami'a. Na ja ta gida ta wanke hannu da sabulu har sau uku kafin Goggo ta yarda ta zauna kusa da ita, sannan ta yi mana bayani.

"Duk abin da mutum ya ci ko ya shaƙa, jikinsa yakan sarrafa shi ya fitar da saura a fitsari," in ji ta. "Maganin ƙwari ma haka. Wanda aka zubar kai tsaye da wanda ya bi ta cikin mutum, kamanninsu ba ɗaya ba ne a na'ura. Ni wanda ya bi ta jiki nake nema. In na ce zan bi gida-gida ina roƙon fitsari, Goggo, za ki ba ni?"

"Allah ya kiyaye."

"To kin gani. Shi ya sa nake tsayawa inda ruwan makewayinku duka yake haɗuwa. Kwalba ɗaya ta gaya mini yawan maganin da ke shiga jikin mutanen layi gaba ɗaya, ba tare da na taɓa kowa ba."

Shekara guda ta yi tana zuwa. Ta ɗiba a namu, ta ɗiba a layin bayanmu, ta wuce unguwannin Malam Inna da Kumbiya-Kumbiya, ta dawo ta ci abincin rana a gidanmu. Babanku ya sa mata Likitar Kwata. In ya ji motarta sai ya ɗaga murya ya ce in ɓoye kofunan gida, ga mai ɗibar kaya ta zo. Ita kuma takan ce masa Baba, kamar ku. Da Kirsimeti ta zo har ita ya auna wa daro, ya ce ta kai wa mamanta. Samfurin nata wani gari mai nisa ake kai shi gwaji, don haka sakamako bai zo da wuri ba, mu ma har mun daina tambaya.

Ya zo ne a Disambar shekara ta biyu, kwanaki kaɗan bayan babanku ya gama rabo. Da la'asar ce, muna ƙarƙashin dalbejiya, ina tsince shinkafar biki, shi yana kan kujerarsa yana ɓare gyaɗa. Hauwa ta shigo ba wasan da ta saba. Ta zauna a tabarma kusa da ni.

"Malama, layinku ya ɗaure mini kai. Na ɗauka unguwannin gefen gari inda manoma suka fi yawa za su fi kowa, kuma da damina haka ne, lokacin feshi. Amma daga ƙarshen Disamba naku yakan tashi sama ya wuce na kowa, ya zauna a can har zafi ya shigo, sannan ya sauka. Layin bayanku, da kwalbati kawai ya raba ku, ba haka yake ba. Ba ku da manomi ko ɗaya. Mene ne kowane gida a nan yake ci ko yake amfani da shi bayan Kirsimeti, wanda maƙwabtanku ba sa samu?"

Idona ya tafi kan tamfol ɗin rabo da ke shanye a katanga. Da na juyo sai na ga babanku ya daina ɓare gyaɗar. Ya tashi a hankali ya shiga ɗakin ajiya, ya fito da galan ɗin maganin ya ajiye a gabanta. Ya faɗa mata yadda yake damawa, da yadda yake ƙara wa na kyauta, bai rage komai ba. Hauwa ta karanta rubutun jikin galan, ta ɗago ta kalle shi, idonta ya ciko. Ta ce wannan na ganyen gona ne, bai kamata ya kusanci abin da za a ci ba, balle a ci shi da wuri haka. Sai kuma ta yi sauri ta ƙara da cewa ba ta tabbatar ba tukuna, sai an gwada waken kansa, kuma hakan zai ɗauki makonni.

"Baba, ruwa ba ya kiran sunan kowa. Rahotona unguwa kawai zai ambata. Ba wanda zai ji daga bakina."

"A makonnin nan da za a yi ana gwadawa," in ji shi, "me za su ci?"

Ni ce na kawo shawara, na ce bari in bi ta wurin zumuntar mata da Goggo a faɗa wa kowane gida kada a dafa, a zubar. Ya girgiza kai.

"Saratu, kin taɓa ganin wanda ya zubar da wake a garin nan? Za su wanke, su shanya, su dafa. Wanda ya ji tsoro kuma ya ba wanda ya fi shi talauci. Sai dai in karɓo shi da hannuna."

Ku da kuka tashi a nan kun san nauyin wannan maganar. Mutum ya ba da kyauta ya dawo ya ce a ba shi abinsa, ko tsakanin yara abin kunya ne, har waƙar tsokana suke yi wa mai yin haka. Ga shi ba shi da wani waken da zai musanya, don duk abin da ke sitonsa ya sha magani. Hannu wofi zai je, ana jibi Kirsimeti, tukwane na jiran wake. Na kalli mutumin da ya yi shekaru yana gina sunan nan daro bayan daro, na ji tausayinsa ya kama ni.

Washegari da safe ya sa kaftaninsa na zuwa majami'a, ya ɗora hula, ya aro baro ya jera buhunan wofi a ciki. Na ce kayan aiki ya kamata ya sa. Ya ce da su ya kai kyautar, da su zai karɓo ta. Na bi shi, don ba zan zauna a gida ina jin labari daga bakin mutane ba. A kowace ƙofa magana ɗaya yake yi, bai taɓa sauya ta ba: waken da na ba ku na sa masa maganin da bai kamata ba, ina tsoron yana cutar da ku, ku yi haƙuri ku dawo mini da shi. Bai ce kowa ma haka yake yi a kasuwa ba. Bai ambaci Hauwa ba.

Wasu suka kawo shiru. Wasu suka ce sun riga sun cinye, sai ya tsaya yana lallashi har a fito da shi daga ƙarƙashin gado. Mama Chidi, matar mai sayar da kayan gyaran mota, ta riga ta jiƙa nata za ta yi alale. Ta fito da bokitin tana huci.

"Oga Bulus, wane irin abu ne wannan? Ka ba ni jiya, yau ka karɓa? Yarana za su ci me?"

Ta juye masa jiƙaƙƙen waken a buhu, ruwan ya ɓata masa gaban riga, ta rufe ƙofa da ƙarfi.

Gidan Goggo muka bari ƙarshe, don mun san can ne aikin yake. Ta saurare shi har ya gama, hannunta a ƙugu. Sannan ta tambaye shi tun yaushe yake sa maganin.

"Da daɗewa, Goggo."

Ni na san tun yaushe, shi ma ya sani, amma bai ce tun ranar da kika kawo ƙwaro ba. Goggo ta waiwaya ta kalli jikarta Ummi, marainiyar da take riƙo, wadda kowace shekara bayan biki sai an kai ta asibiti an ƙara mata ruwa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko daron. Babanku ya buɗe bakin buhu. Ba ta zuba a ciki ba, ta watsa shi a ƙasa a gaban ƙafarsa, ta juya ta shige. Kajinta suka taho da gudu. Sai ga babanku, da kaftanin Lahadi, ya durƙusa a ƙofar gidan yana korar kaji da hannu ɗaya yana tattara wake da ɗayan, mutanen layi na kallo. Na durƙusa na taya shi. Sai da muka tsince har wanda ya shiga yashi. A nan wani daga cikin masu kallo ya ce, "Mai-karɓe ke nan," aka yi dariya, sunan ya zauna.

Abin da ya biyo baya kai ka gan shi, Ishaku, kana sakandare, har leɓenka ya fashe a faɗa a kan sunan nan. Labari ya riga shi isa kasuwa, kuma kafin ya isa ya zama waken Bulus yana kashe mutane. Masu saye daga Kudu suka koma wasu rumfuna. Abokan sana'arsa suka yi fushi da shi, suka ce ya tona abin da kowa ke yi, wasu suka daina amsa gaisuwarsa. Waken kyautar aka haƙa rami mai zurfi a bayan gari aka binne, duba-gari na tsaye. Gwajin da Hauwa ta kai ya dawo ya tabbatar da abin da muke tsoro. Kafin shekara ta zagayo babanku ya saki babban siton ya koma wata 'yar rumfa, kuma bai sake komawa inda yake a da ba har ya mutu. Albashina na koyarwa ne ya riƙe mu. Hauwa ta zo ta zauna a tsakar gida tana kuka tana cewa ita ta jawo masa.

"Likitar Kwata, share hawayenki," in ji shi. "Ke ɗiba kawai kika yi. Ni na zuba."

Abin da ya fi ci masa rai ba kasuwa ba ce. Goggo ce. Shekara guda cur ba ta gaishe shi ba. In ya fito da safe ta gan shi sai ta juya ta kama shara. Yakan fasa fitar ya dawo ciki, ni kuma in yi kamar ban lura ba.

Da kaka ta zo ya sayo durom-durom masu murfi da buhunan nan masu leda a ciki da ba sa shan iska, waɗanda ƙwaro ke mutuwa a cikinsu ba tare da magani ba. Na ɗauka rabo ya ƙare ke nan, amma ana saura kwanaki Kirsimeti sai na ga ya shimfiɗa tamfol. Waken bai kai rabin na da ba, daro ya koma kwano. Gidaje da yawa suka dawo da shi, wasu da uzuri, wasu ko uzurin babu. Mama Chidi ta karɓa, ta yi alale, ta aiko masa da guda biyu ta ce ya fara ci tukuna. Ya cinye a bakin ƙofa tana kallo, suka yi dariya, nasu ya wuce. Goggo ta karɓi kwanon daga hannuna ta shige ciki. Ban san ko ta dafa ko ta zubar ba. Hauwa ta ci gaba da ɗibar ruwanta, daga baya ta ce mana layinmu ya sauko ya yi daidai da na baya. A watan Janairun nan ba a kai Ummi asibiti ba.

Zafi ya fara shigowa, wata ranar Asabar da hantsi, sai muka ji muryarta a tsakar gidanmu, karo na farko cikin fiye da shekara.

"Bulus, fito."

Ya fito da sauri har takalminsa ɗaya ya zame. Goggo na tsaye, hannunta a dunƙule. Ta miƙo shi ta buɗe. Ƙwaron wake ne, ɗan ƙarami, yana tafiya a tafin hannunta.

"Wake ka ba ni ko nama?"

Babanku ya daskare. Na ga fuskarsa ta koma irin ta wancan karon na farko, ya buɗe baki zai ba da haƙuri. Ta katse shi.

"Dube shi, da ƙafarsa yake tafiya. In wannan ɗan abin ya ci ya rayu, mu ma za mu rayu. Useko, Mai-karɓe. Na gode."

Ya yi dariya har ya dafa bango, dariyar ta koma hawaye, bai ɓoye ba. Goggo ta ce masa ya daina, namiji da gemu, sannan ta zauna ta ce in kawo mata shayi. Daga ranar duk wanda ya kira shi da sunan nan yakan amsa, har ya ɗaga hannu. A kasuwa ma, waɗanda suka daina gaishe shi suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna tambayar inda ake samun buhun ledan. Tsohon da ya riƙe hannunka, Ishaku, yana cikinsu.

Ina kewarsa, musamman yanzu da Disamba ta ƙarato ba mai sa ni mita. Durom ɗin suna nan a bayan ɗaki, na sa an wanke su, tamfol ɗin ma yana nan. Goggo ta riga shi tafiya, amma Ummi tana aure a layin baya, har da goyo. In kun zo biki ku auna mata nata ya yi tsororuwa. In ta tambayi wanda ya aiko, ku ce daga gidan Mai-karɓe ne.